Dutse na Biyar

Ni na ƙirga 214, abokin aikina ɗan Finlan ya ƙirga 221, alhali a gaban gaɓa ɗaya muka wuni, kafaɗa da kafaɗa. Malamarmu ta karɓi takardun biyu ta shimfiɗa a kan murfin mota, ta danne su da duwatsu don kada iska ta kwashe, ta daɗe tana bin su da ido. Can ta ɗago ta ce, "Shekara bakwai sun ɓata a tsakaninku. Ku koma ku nemo su."

A farkon Yulin 2014 ke nan, a kwarin kogin Angerman da ke arewacin Suwidin. Ina shekarar farko ta digiri na biyu a ilimin duwatsu. Kafin in bar gida, ƙanƙara biyu na sani: wadda ake jefawa a zoɓo, da wadda kan zubo da ruwan farkon damina ta yayyaga ganyen masara. Sai ga shi an sa ni cikin masu neman lokacin da wata ƙanƙara mai kaurin kusan kilomita 3 ta ɗaga daga ƙasar da nake tsaye a kai. Kimanin shekara 21,000 da suka wuce ta lulluɓe Suwidin da Nowe da Finlan, ta miƙa ƙafa har arewacin Jamus da Folan. Ita da ’yan uwanta na sauran nahiyoyi sun riƙe ruwa mai yawan da tekun duniya ya sauka da wajen mita 120. Ta tafi ba ta yi sallama da kowa ba. Abin da ta bari shi ne laka, da tsakuwa, da manyan duwatsu zube a daji, kuma daga bakinsu ake son jin labarin.

Lakar ce ta fi saurin magana. In ka kankare fuskar gaɓar da cokalin magina har ta yi sumul, sai ka ga layi-layi kamar gefen littafi. Lokacin zafi, ruwan narkewa kan fito da ƙarfi ɗauke da garin dutse, mai nauyin ya kwanta nan take ya yi layi mai haske, mai ɗan kauri. Hunturu na shigowa saman ruwa ya daskare, komai ya lafa, sai lallausan yumɓu ya sauko a hankali ya yi siririn layi mai duhu. Fari da baƙi, shekara guda. Da aka bayyana mini haka ban sha wahalar ganewa ba, domin na tashi a gidan da ake cewa tsoho ya ga damina tamanin. Mutanen can suna kiran kowane irin wannan tagwayen layi varv.

Yadda muke aikin kuwa bai canza ba tun zamanin wanda ya ƙirƙiro shi. Za ka kafa doguwar takarda siririya a jikin gaɓar da ƙusoshi, ka bi da fensir kana sa alama a saman kowane layi mai duhu. Sauro na cizonka a wuya, ba ka da hannun kora. Ni da nake ganin na ƙoshi da sauron gida, sai da na sara wa na dajin Suwidin.

Gerard De Geer ne mai wannan dabara. Ya lura cewa shekara mai zafi kan bar layi mai kauri, mai sanyi ta bar siriri, kuma jerin kauri da sirantaka a wannan rami yakan yi daidai da na ramin da ke gaba. To in ka haɗa ramuka biyu ta wannan hanya, ka duba layin da ke can ƙasa a kowanne, ka san shekara nawa ƙanƙarar ta ɗauka kafin ta janye daga na kudu zuwa na arewa, tunda laka ba ta fara kwanciya a wuri sai ƙanƙara ta ba ta fili. A 1905 ya baza ɗalibai 20 daga Istokholm da Ufsala a kan layi mai tsawon kilomita 200, kowa da yankinsa. A 1910 ya tsaya gaban taron masana duwatsu na duniya a Istokholm ya gabatar da lissafin shekara 12,000. A lokacin babu wanda ya taɓa ƙirga tarihin ƙasa shekara bayan shekara haka.

Amma igiya komai tsawonta sai an ɗaure bakinta a turke. De Geer na bukatar layi guda wanda aka san shekararsa a kalanda, sai ya nufi Ragunda. Mun biya ta wurin a hanyarmu, kuma har yau ban ga wuri mai ban al’ajabi irinsa ba: gangaren ruwa ne babba, ga manyan duwatsun da ruwa ya goge, ga ramukan da ya fafe, amma babu ruwan. Suna kiransa mataccen gangare. Wani ɗan kasuwa mai suna Magnus Huss ya haƙa hanyar ruwa don a riƙa turo gumagumai ba tare da gangaren ya farfasa su ba. Ambaliyar watan Yunin 1796 ta shiga hanyar da ya haƙa, ta yage ƙasar, tafkin Ragunda gaba ɗaya ya tsiyaye cikin awa huɗu, kogin Indal ya sauya hanya. De Geer ya ce madalla, layin da ke can sama a busasshen tafkin shi ne na 1796, daga nan sai a yi ta ƙirgawa ƙasa. Dabarar ta yi kyau a baki, amma lakar saman ba ta fito sarai yadda ake so ba. Ɗalibinsa Ragnar Lidén ne ya samo turken da ya fi ƙarfi a wannan kwari da muke tsaye, inda kogin ya ci gaba da ajiye layi duk shekara bayan ƙanƙarar ta tafi, kuma sai a 1987 Ingemar Cato ya ƙarasa ɗaure lissafin da zamaninmu.

Malama ba ta ɓoye mana inda De Geer ya zarce ba. Da tsufa ya zo, ya dage cewa jerin layukan Suwidin sun yi daidai da na Amurka da Ajantina da tsaunukan Himalaya, wai rana ɗaya ce ke juya su duka. Masana ba su karɓa ba. Ta ce, "Idon da ke son ganin daidaito zai gan shi." Na rubuta a littafina, na ja layi a ƙarƙashi, ina ganin da wani ake.

Shekaru bakwai ɗin nan sai da suka ci mana kwana biyu. Biyar na ɗan Finlan ne: a wasu shekarun ruwa ya taso ya lafa ya sake tasowa cikin zafi guda, ya bar ɗan duhu-duhu a tsakiya, shi kuma ya ɗauka hunturu ne. Biyu nawa ne: sun yi siranta har ba su kai kaurin farce ba, cokalina ya shafe su. Muka tsaya a 216. Irin wannan ne, in ya taru a dubban layuka, ya sa da aka gwada lissafin Suwidin da wasu ma’aunai daga baya aka tarar ɗaruruwan shekaru sun zube a hanya.

Azumi ya kama mu a can. Rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe 11 na dare, kafin 3 ta sake leƙowa, tsakanin nan ma gari ba ya yin duhu. Na gwada kwana biyu, a na uku na ga layukan laka suna rawa a idona, sai na karɓi rangwamen matafiyi na bar ramuwa sai hunturu. Da na kira gida na gaya wa Inna abin da muke yi, ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗan nan, wai duwatsun Kufena sun ƙare ne da sai ka je bangon duniya?" Na ce, "Inna, namu a inda suke aka haife su. Na nan ɗauko su aka yi." Ta ce Allah ya ba da sa’a, da muryar da ke nuna ba ta gamsu ba.

Daga kwarin muka gangara bakin teku, yankin da suke kira Gaɓa Mai Tudu, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a shekarar 2000. Mun hau dutsen Skuleberget. Tun a hanya na fara ganin abin da ya ɗaure mini kai: fili guda na mulmulallun duwatsu, irin waɗanda igiyar ruwa kaɗai ke mulmulawa, a tsakiyar daji, teku kuwa na can ƙasa da nisa. Jikin dutsen a wanke yake tas, ba ƙasa, amma a ƙoli sai ga ƙasa da bishiyoyi kamar an kifa masa hula. Bakin hular nan shi ne inda teku ya tsaya lokacin da ƙanƙara ta bar wurin, kimanin shekara 10,500 da suka wuce. Yau yana mita 286 sama da ruwa. Ƙolin da muke zaune muna cin burodi ɗan tsibiri ne a lokacin.

Anders Celsius, mai ma’aunin zafin nan, ya rubuta a 1743 cewa ruwan teku ne ke raguwa, domin ya ga duwatsun da dabbobin ruwa ke hawa a da sun yi musu tsawo. Ashe ƙasar ce ke tashi. Nauyin ƙanƙara ya danne ta kamar yadda ƙato ke lotsa katifa, ya tashi ya tafi, ita kuma har yanzu tana miƙewa, milimita 8 zuwa 9 kowace shekara. Wannan ma agogo ne. Duk tafkin da ke gefen tudun nan a da lungun teku ne, kuma in ka zura bututu ka ciro lakar gindinsa za ka ga inda ruwan gishiri ya ƙare ruwan daɗi ya fara. Ka tsinci ganye ko ƙwayar iri a daidai wurin, ka kai a auna kabon-14 da ke cikinsa, wanda rabinsa ke lalacewa duk shekara 5,730. Da wannan awon ne aka gane kwalekwalen Dufuna na jihar Yobe ya kai shekara 8,000. Sai dai kabon yana bukatar abin da ya taɓa rai, kuma tsiro ba ya fitowa ranar da ƙanƙara ta tashi. Abin da zai gaya maka kawai shi ne, kafin wannan lokaci ta riga ta tafi.

Nawa aikin na kan duwatsu ne, kuma saboda shi muka bar gaɓa muka shiga tuddan cikin ƙasa, sama da inda teku ya taɓa kaiwa. Dalili shi ne dutsen da ya kwana a ƙarƙashin ruwa ranar fitowarsa daga ruwa zai ba ka, ba ranar rabuwarsa da ƙanƙara ba. Hikimar awon ita ce, dare da rana wasu ƙwayoyi masu tsananin ƙarfi na zubowa daga sararin samaniya. In suka bugi kwaz, farin dutsen nan mai ƙyalli, ɗan uwan ƙanƙarar da ake ƙyasta wuta da ita, sukan fasa ƙwayoyin zarrar da ke ciki su haifar da wani sinadari, beriliyam-10. A ƙarƙashin ƙanƙara mai kauri ba sa isa ga dutse. Ranar da ta ajiye shi a fili, ranar tarawa ke farawa. Abin da ake tarawar kuwa bai taka kara ya karya ba: wajen ƙwaya 4 a kowane giram na kwaz a shekara, a daidai tsayin teku. Shekara 10,000 ta ba ka ƙwaya 40,000, a cikin giram ɗin da yawan ƙwayoyinsa sai ka rubuta 1 ka bi ta da sifili 22. Neman allura a cikin ruwa ya fi wannan sauƙi.

Duwatsu shida muka zaɓa a kan wani dogon tudun tsakuwa da ƙanƙara ta tara. Ana son babba, mai faffaɗan kai, wanda ya zauna daram, ba alamar ya taɓa mirginawa. Za ka hau kansa da guduma da cizal ka ɓanɓaro saman, kaurin yatsa biyu, har ka tara kamar kilo guda a jaka. Ka rubuta tsayin wurin, ka auna yadda tuddan kewaye suka tare sama. Rabin wuni kan tafi a dutse guda, tartsatsi na tashi, tafin hannu na yin bororo.

Na biyar ni na gano shi. Ya fi ni tsawo, yana tsaye shi kaɗai a ƙolin tudun. Malama ta zagaya shi sau biyu, ta shafa jikinsa. Sauran sumul suke, gefunansu a goge, shi kuwa kaushi gare shi, yana marmashewa a hannu. Ta ce, "Wannan bai yi mini ba. Fatarsa ta tsufa." Na ce, "Malama, ai shi ya fi kowanne girma, ba abin da zai motsa shi." A can ɗalibai da sunansu suke kiran farfesoshi, ni kuwa bakina ya ƙi, har ta saba da Malamar. Ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Aikinka ne. Hau."

Sauran shekarar a ɗakin gwaji ta ƙare. A niƙa, a tankaɗe, a ware kwaz, a yi ta wanke shi da wani asid mai cin gilashi, wanda ɗigonsa a fata kan ratsa har ƙashi, don haka ba a barin mutum shi kaɗai da shi. Daga kilo guda sai ka ƙare da ɗan farin gari wanda bai cika kan allura ba. A tura wa masu na’urar da ke ƙirga ƙwayoyin zarra ɗaya bayan ɗaya, a zauna jira. Cikin jiran nan na rama azumina, lokacin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe 3 na yamma, har na ji kamar na yi wa wani wayo.

A wannan hunturun ne Malama ta ajiye mini wani hoto a tebur: falalen dutse mai dogayen ƙarce-ƙarce a jere, irin waɗanda muka yi ta takawa a tuddai, amma kewaye da rairayi. Ta ce in faɗi inda ne. Na kasa. Ashe Jado ce, a arewa maso gabashin Nijar. Kimanin shekara miliyan 445 da suka wuce yankin Sahara na kusa da ƙuryar kudu ta duniya, ƙanƙara ta kwanta a kansa. Can ba laka mai layi da za ta kai, ba kabon, ba beriliyam. Da burbushin ƙananan halittun teku da ke cikin duwatsun sama da na ƙasa ake kama lokacin. Na daɗe ina kallon hoton nan.

Sakamako ya iso a Fabrairun 2015. Biyar sun taru wuri guda, kusa da shekara 10,000, kowanne da ɗan ratar kuskurensa na ’yan ɗaruruwa. Na biyar ya ninka su fiye da sau uku.

Ban yi barci ba a daren. Kafin asuba na gama gina labari: ƙolin tudun nan bai taɓa nutsewa ba, ya tsaya kamar tsibiri a tsakiyar ƙanƙara, ke nan ba ta kai kaurin da ake faɗa ba, ke nan littattafai sun yi kuskure. Har na fara tunanin taken maƙalar. Da safe na je ofishinta da zanena. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba, sannan ta tambaye ni abu ɗaya: in ƙanƙara ba ta rufe tudun ba, wa ya kawo sauran biyar ɗin ya ajiye kusa da shi?

Sai ta jawo takarda. Ƙwayoyin nan na sama ba a fatar dutse kaɗai suke tsayawa ba, suna ratsawa mita 2 zuwa 3. Kafin agogo ya koma sifili sai ƙanƙara ta kankare wannan kaurin duka. Wadda gindinta ke jiƙe tana zamewa, tana nuƙa duk abin da ta taka. Amma akwai wadda gindinta ke daskarewa ya manne da ƙasa, ta zauna dubban shekaru ba ta ko goge gansakuka ba, kuma a arewacin Suwidin an sami wurare da yawa da ta bari yadda ta same su. Dutsena daga irin wannan wuri aka ɓalle shi. Ya sha sararin sama tun kafin ƙanƙarar ƙarshe ta zo, ta ɗauke shi da tsohuwar ajiyarsa ta sauke shi nan kusa. Ba ƙarya ya yi ba, tambayar da na yi masa ce ba ita ya amsa ba. Wani dutsen kuma akasin haka yake yi: ya mirgina, ko ƙasa ta rufe shi ta daɗe kafin ta zaizaye, sai ya rage wa kansa shekaru kamar ma’aikacin da ritaya ta matso.

Na tambaye ta, to da wanne za a yarda, tunda laka na zubar da shekaru, kabon na makara, dutse na ƙari da ragi? Ta ce da inda suka haɗu ba tare da sun haɗa baki ba. Ta kawo misalin tokar Vedde, wadda wani dutse mai aman wuta a Aislan ya watsa kimanin shekara 12,100 da suka wuce. Ana samun ta a lakar tafkunan Nowe da Suwidin, ana samun ta a cikin ƙanƙarar Girinlan da aka haƙo aka ƙirga layukanta. Toka ɗaya, lokaci ɗaya, sai kowane agogo ya zo a ga ko ya yi gaba ko ya yi baya. A Antatika ma, in ji ta, duwatsun da ke leƙowa ta saman ƙanƙara ake bi daga ƙoli zuwa gindi ana ɗiba, kamar mai duba sandar bakin mai a inji, don a san yaushe ta sauka daga wannan tsayi zuwa wancan, kuma can matsalar irin dutsena ta fi ko’ina yawa. Ba don nishaɗi ake wannan wahala ba. Ƙanƙarar Girinlan kaɗai na riƙe da ruwan da zai ɗaga teku mita 7, ta Antatika wajen 58, kuma masu lissafin saurin narkewarsu a gaba da saurin na baya suke gwada lissafinsu.

Kunya ta sa na koma ɗaya gefen. Da na miƙa mata daftarin farko na kundina, duwatsu biyar ne a jadawalin, na sake musu lamba daga 1 zuwa 5, sun jeru gwanin sha’awa. Washegari ta dawo mini da shi. Ba ta taɓa komai a shafin ba sai tambaya guda da jan biro a gefe: "Jaka shida muka sauko da su daga tudu. Ina ɗayar?"

Na mayar da shi. Yana nan a jadawali na uku, layi na biyar, da ɗan tauraro a gefensa, da bayani a ƙasa cewa ba a sa shi cikin matsakaicin lissafi ba, da dalilin hakan, da kuma cewa tun a daji an lura fatarsa na marmashewa. Wannan jimlar ta ƙarshe ita ta ce in ƙara.